Tukunyar da Aka Manta Bayan Rumbu

Kowace safiya, in rana ta ɗago bisa duwatsun Dogon Dutsi ta fara dukan bangon ɗan gidan rediyonmu, sai ka hango Madam Na'omi tafe a ƙasa, jaka a hammata, tana taku a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba ta shiga ciki inda injuna suke. Wurinta waje ne, ƙarƙashin dogon-yaro, inda wani tebur ke jiran ta, mai gajerar ƙafa ɗaya da aka tokare da ɓarin dutsen niƙa. Takan share ganyen da ya zuba, ta gai da Amina mai ƙosai, ta fitar da bik biyu na rubutu, shuɗi da ja, ta jera su gefe da gefe. Daga nan sai ta naɗe hannu ta jira mutane.

Aikinta rubuta sanarwa, abin da 'yan lakkwal, wato 'yan boko, ke kira kominike. Wanda jakinsa ya ɓace, wanda zai aurar da ɗiya, wanda aka yi wa rasuwa, wanda ya kafa sabon injin niƙa, duk gabanta suke zama su zazzage abin da ke cikinsu. Ita kuma ta mai da shi 'yan layuka, a miƙa wa Luƙman mai karantawa, ya faɗa wa duniya. Muryar Luƙman kowa ya san ta, daga nan har Dogon Kiriya. Hannun da ke sa masa magana a baki kuwa, sai wanda ya taɓa zama bencin da ke gaban teburin ya san shi. Ran Lahadi kaɗai teburin ke yini shi ɗaya, don tana majami'a.

Bana, in an gama girbin hatsi, Madam Na'omi za ta ajiye aiki, don yatsunta sun fara ƙin riƙe bik. Shi ya sa na ari sana'arta na yini guda in yi mata jinjina, ko da yake lakkwal ɗina bai yi nisa ba.

Abin mamaki na farko a teburin nan shi ne jan bik ya fi shuɗin saurin ƙarewa. Wa ya taɓa ganin marubucin da sokewarsa ta fi rubutunsa yawa? An taɓa tambayar ta dalili, ta ce, "Shuɗi shi ka shuka, ja shi ka noma. Gonar da ba a nome ba, haki ka cinye ta."

Kafin ta shuka ko ƙwaya ɗaya kuwa, sai ta yi wa mutum tambaya biyu, ko da hakimi ne: "Wa kaka so shi ji? In ya ji, mi kaka so shi yi?" Da yawa a nan suke tsayawa, baki buɗe, don sun zo da zafin zuciya, ba su zo da amsa ba.

Amina ta sha ba da labarin wani mutumin ƙauye da ya zo yana huci, an kwance masa akuya. Ya buga tebur har ɓarin dutsen ya goce. Ya ce, "Rubuta! Ɓarawon da yas sace min akuya, Allah ya isa, shi da wanda yas saya, da wanda yac ci, da wanda yal lashi romo!"

Madam Na'omi ta sunkuya ta gyara dutsen, ta ɗago ta ce, "Baba, tsinuwa kaka so ta isa gare shi, ko akuya kaka so ta iso gare ka?"

Ya sauke hannu daga tebur. Can ya ce, "Akuya."

"To mu bar mishi ƙofa. Wanda anka kira ɓarawo gaban duniya, ta ina zai biyo da akuya a hannu? Yaya take?"

"Ja, kyakkyawa, mai ƙiba."

"Duk akuyar da taɓ ɓace kyakkyawa ta. Hwaɗa min aibinta."

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce kunnenta na hagu a tsage yake, kuma tana da wani hali, ba ta shan ruwa sai ta yi atishawa. Abin da aka karanta ke nan: wanda wata jar akuya mai tsagaggen kunne ta bi shi gida bisa kuskure, in ya ga tana atishawa kafin ta sha ruwa, to mai ita na cigiya, kuma yana godiya da riƙon da aka yi mata. Ba a daɗe ba aka wayi gari akuya na ɗaure a jikin dogon-yaron nan, tana cin takardun da aka yar. Ba zan yi ƙarya in ce duk akuyar da ta rubuta wa cigiya ta dawo ba. Wasu sun riga sun shiga tukunya, rubutu kuwa ba ya ta da abin da aka dafa.

Akwai wani jan-gwada da ke zama bisa katanga daura da ita, wanda ya tsufa tare da teburin. In ta gama rubutu takan karanta a fili, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai. Tana cewa shi ne mai sauraron da bai kamata marubuci ya yarda da shi ba, don komai ka karanta masa ya amince. Alƙalinta na gaskiya Amina ce. Takan bari sai mai ya yi zafi, masu saye sun taru, sannan ta karanta, idonta na kan hannun Amina. In hannun ya ci gaba da juya ƙosai, sai ta ɗauki ja. In ya tsaya, rubutu ya kama. Na'omi ta ce ai haka ake jin rediyo a Arewa, mace na daka, namiji na ɗaure amalanke, babu wanda ya zauna don kai. Shi ya sa ba ta fara sanarwa da jerin gaisuwar manya. Abin da ya faru shi ne gaba, gaisuwa ta biyo baya in numfashi ya rage. Duk jimlar da ta tsinke mata numfashi kuwa, sai ta raba ta biyu.

Ke ce mai noman magana, Na'omi. Mu muna zuwa da ita da ƙaya da haki, ke ki mayar mana da zangarniya.

Amma aikin da ya sa na ɗauki bik ba na akuya ba ne, kuma ba a karon farko ta ci shi ba.

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, wani saurayi ɗan kasuwa mai suna Salman ya zo teburin, mutum mai tsabta, mai kiyaye salla, mai kantin shinkafa da taliya a ƙofar gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Habsu, idonta na tafiya. Likitan ido ya gaya masa gaskiya: tsakiyar ganinta ya riga ya mutu, ɗan hasken da ya rage a gefe yake, shi ma yana bin sawu, kuma ba zai daɗe ba. Tun ranar tsohuwa ta rage cin abinci, ta koma zama tana fuskantar ƙofa. Duk gidan an san wanda take jira.

Salman yana da wa, Ɗantala, wanda ya bar gida shekaru da dama. Akwai wata tsamiya da ubansu ya dasa a ƙofar gida. Bayan rasuwar uban, Salman ya sa aka sare ta don ya gina kanti, ran da wansa ya tafi gona. Ɗantala ya dawo ya tarar da kututture. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kayan facinsa ya yi kudu, ya canza lambar waya. Abin da aka sani kawai, yana wata kasuwa gaba da Tibiri yana facin tayar amalanke.

Salman ya zo da sanarwarsa a rubuce cikin waya. Sanarwar ta ce ana sanar da Ɗantala cewa mahaifiyarsa Habsatu na umurtar sa ya dawo gida da gaggawa, ya ji tsoron Allah, ya tuna haƙƙin iyaye. Ranar kasuwa ce, benci cike, wasu a tsaye. Madam Na'omi ta rage mata kaifi kaɗan, ta sa maganar ido a gaba, ta miƙa wa Luƙman. Aka karanta, aka maimaita.

Amsa ta zo ta bakin wani direban da ke bin hanyar Tibiri. Ya tsaya sayen ƙosai ya ce, "Madam, na ga mutuminku. Yac ce a hwaɗa ma Salman ya ji wa'azinshi, Allah shi ba da lada."

Maganar nan ta tsaya wa Na'omi a rai. Sanarwa ta fita da sunan uwa, babu sunan Salman ko ɗaya a ciki. To ta yaya mai faci ya gane bakin ƙanensa? Ta yini tana juya abin, har ta rubuta wa wani ango ranar ɗaurin aure ba daidai ba, sai da Amina ta tsawata mata. Da Salman ya zo da yamma, ta ce masa, "Tsaya. Wan naka, shi na na fari ga Inna?"

"Shi na."

Ta dafe goshi. Ɗan fari! Uwar da ta tashi cikin kunyar mutanen da, ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta duban sa ido cikin ido, ba ta yaba shi gaban mutane. Tun ran da aka raɗa wa Ɗantala suna, bai taɓa jin sa a bakin Inna Habsu ba. Sunan nan da ke cikin sanarwar shi ya tona ta.

Salman ya ce, "Madam, wagga kunya ba ta cikin addini. Suna, an raɗa shi don a kira."

Ta ce, "Ban musa maka ba, kai kas san littafi. Amma ba gyaran al'ada muka zo yi ba yau, mutum muka kira. In za ka ari muryar wani, ka are ta da tuhwahinta. Kuskuren nawa na, na ga sunan na bar shi."

Sai ta sake wata, babu suna. Ta ce wata uwa a Dogon Dutsi na cewa, kai wancan da ka yi fushi ka bar gida, idona na duhu, zo in gan ka tun ina gani. Ta karanta a fili. Hannun Amina ya tsaya cak, har ƙosai ya ƙone. Madam Na'omi ta ce madalla, ta miƙa.

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai in rasa ko dariya zan yi. Ashe Arewa cike take da 'ya'yan da suka yi fushi suka bar gida. Wani magini ya sauko daga Dogon Kiriya bisa amalanke, ya faɗa gidansu yana kuka, ya tarar da uwarsa na zura zare a allura. Ta ce, "Wa yac ce maka na makance? Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Zamna ka ci tuwo." Wata tsohuwa ta zo gidan rediyo da kaza a hannu, godiyar sanarwar da ba ita ta aiko ba. Luƙman ya karɓi kazar da hannu biyu, bai yi gardama ba.

Ɗantala kuwa bai zo ba.

Na'omi ta ce wa Amina, "Na watsa tsaba, kajin unguwa duk sun taho, ban da wadda nika kira."

Amina ta ce, "Amma ta yi daɗi, ni kaina sai da na yi hawaye."

"Ta yi daɗi, shi ya sa ta zama ta kowa. Kuma ki duba, 'zo in gan ka.' Wace uwa ka hwaɗa ma ɗan fari haka? Bakina na sa mata, ba nata ba."

Ran nan Salman ya zo, fuska a yamutse babu kuzari. Ya ce tsohuwa ta fara kasa bambanta shi da matarsa sai sun yi magana. Ya ce, "Madam, ko mu bari? Ni nas sare icen, ni ya kamata shi hukunta, ba ita ba."

Sai Madam Na'omi ta yi abin da Amina ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta tattara bik ɗinta da hantsi, ta ba masu jira haƙuri, ta bi Salman gida.

Ta tarar da Inna Habsu bisa tabarma tana ɓarar wake da lalube. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo ƙwarya ta kama ɓara. Ba ta fitar da takarda ba. Suka yi ta hira, ta tsadar gishiri, ta daminar da ta wuce, ta ciwon gwiwa. Duk lokacin da zance ya kusa zuwa kan wanda ya tafi, tsohuwa takan kauce, ko ta ce "wancan" ta wuce. Na'omi ba ta matsa ba. Idonta dai na yawo cikin gida, don ta yi imani abin da baki ya ƙi faɗa, tsakar gida na iya faɗa.

Can ta hango wata 'yar tukunya bayan rumbu, an rufe ta da faifai an danne da dutse, kaji na zagaya ta. Ta ce, "Inna, kun manta tukunya bayan rumbu."

Hannun tsohuwa ya tsaya cikin wake.

Matar Salman ta leƙo daga madafa ta ce, "Haka taka yi kullum, Madam. In an kwashe tuwo sai ta lallaɓa ta kai tukunyar can. Mun hana mun gaji. Tsuhwa ta."

Inna Habsu ta ci gaba da ɓarar wake. Da ta buɗe baki, da waken ta yi magana, ba da kowa ba. Ta ce wancan, tun yana ƙarami, ƙanzo yake so. Ita kuwa ba ta da ikon ta kira shi ta miƙa masa gaban surukai, a ce ba ta da kunya. Sai ta bar ƙanzon da kauri, ta ɗiga masa man shanu, ta kai bayan rumbu. In ta dawo tsakar gida sai ta ce da ƙarfi, kamar da iska take, "Af, na manta tukunya bayan rumbu." Shi kuma sai ya sulale. Har ya yi gemu haka suke yi, babu wanda ya sani.

Salman na tsaye bakin kanti yana ji. Shi da aka goya a fili, aka kira da suna, aka ba loma a baki, ya tashi yana zaton wansa bai sami komai ba a wurin uwarsu. Ya juya ya shiga kanti, ya daɗe yana gyara buhunan da ba su karkace ba.

Na'omi ta ɗora takarda bisa gwiwa ta rubuta, ta karanta wa tsohuwa. A ƙarshe ta sa cewa tana marmarin ganin sa. Inna Habsu ta ce, "A'a, ɗiyata. Hidda wannan. Mi mutane za su ce?"

Na'omi ta ɗauki ja ta soke. Ta ce daga baya, wannan layin shi ne wanda ta fi so a ciki, kuma tun ran nan in layi ya cika burge ta sai ta sake duban sa da kyau. Ga abin da ya rage:

"Wata tsohuwa a Dogon Dutsi ta ce a faɗa, ta manta tukunya bayan rumbu. Idonta ya yi rauni, ba ta iya zuwa ɗaukowa. Wanda ya saba ɗauka ya hanzarta, tun tana iya gane wanda ya ɗauka."

Salman ya ce, "Ba suna, ba unguwa, ba lambar waya?"

Ta ce, "Wanda anka rubuta don shi ya san hanya."

Luƙman da ya duba takardar sai ya tuntsire da dariya. "Madam, mun gama da awaki mun koma cigiyar tukwane? Direktan gidan rediyo zai ce mun sha wani abu."

"Karanta dai, ɗana. Sannu a hankali, ba kiɗa, kuma ka aje wagga muryar taka ta biki."

Aka karanta, gari ya ɗauka. Wace tsohuwa? Wace irin tukunya ce da za a kai ta rediyo? Wasu suka ce zinariya ce a ciki, wasu suka ce maganar iskoki ce, wani malamin lakkwal ya rantse saƙon asiri ne na 'yan fasa-ƙwauri. Samari suka naɗe ta a waya suna tura wa juna. A tasha, in ɗan kabu-kabu ya makara sai a ce masa, "Ina ka tsaya, ko tukunyar kat tahi ɗaukowa?" Ta haka sanarwar ta yi tafiyar da ƙarfin rediyonmu bai kai ba, don mutum in bai gane abu ba sai ya kai wa wani ya taya shi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Na'omi na zaune a teburinta tana rubuta suna da aure, amma duk motar da ta fito daga kudu sai ta ɗaga kai. Ta ce wa Amina in wannan ba ta yi ba, ba ta da wata, don ba ta da abin da ya fi gaskiyar tsohuwar.

Ran wata Talata da la'asar, kamar yadda matar Salman ta ba da labari, wani ɗan kabu-kabu ya sauke mutum a ƙofar gida, dogo, ramamme, hannuwansa baƙi da roba. Ya tsaya ya dubi inda tsamiya take a da. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, bai jira amsa ba, bai nufi tabarma ba. Ya zagaya bayan rumbu, ya kori kaji, ya ɗauke dutse da faifai, ya tsuguna. Sai gidan ya cika da ƙarar kankarar tukunya.

Inna Habsu ta ji. Ta kau da fuska gefe, ta fuskanci bango, kamar yadda uwa ke yi in ɗan fari ya shigo. Ga kuma ikon Allah: gefen idon nan da al'ada ta bar mata ta dube shi da shi tun yana jariri, shi ne kaɗai abin da ciwo ya bar mata. Ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Sannan ta ce wa matar Salman, "Wa ka kankarar tukunya haka awa ba a ba shi abinci inda yah hito? A ce mishi ya rame. Kuma hurhura ba ta yi mishi kyau ba."

Ta ga furfurar.

Salman ya ɗebo ruwa da kansa ya kai bayan rumbu, ya durƙusa ya ce, "Yaya." Ɗantala bai dube shi ba, ya ci gaba da kankara. Salman ya rasa ta inda zai kama, sai abin da ya fito bakinsa shi ne, "Ashe kai ka cinye ƙanzon gidan ga tun muna yara, ana ce min kaji na?"

Ɗantala ya tura masa tukunyar da ƙafa. Ya ce, "Sa hannu. Ya kusa ƙarewa."

Washegari Ɗantala ya zo gidan rediyo ya tsaya gaban tebur, yana murza hula a hannu. Bai iya dogon godiya ba. Amina ce, da ba ta iya riƙe tambaya, ta ce, "Kai kuwa, ta farko ka ji, ta biyu ka ji, mi ya sa sai wagga?"

Ya ce, "Ta farko da sunana ciki, na san ba ita ta ba. Ta biyu na ji ta, na ce Allah shi mai da ma wagga baiwar Allah ɗanta. Ta ukku kuwa wani yaro yak kunna min a waya yana dariya, ina riƙe da taya. Ban san sa'ad da na sake ta ba, har yanzu ban san wa yaɗ ɗauka ba."

Inna Habsu na nan da rai. Hasken ya ida tafiya kafin damina, yanzu da murya take gane kowa. Amma in aka ce mata wancan ya yi ƙiba, takan ce ita dai a rame ta gan shi, a ƙara masa. Ɗantala ya kafa facinsa a gefen kantin Salman. Na ga wani ɗan dashen tsamiya a wurin an kewaye shi da ƙaya, ban tambayi wanda ya dasa ba.

Na'omi, ke ce ba ki taɓa riƙe abin magana na rediyo ba, amma rabin abin da Arewa ta ji da safe daga hannunki ya fito. Ke ce kika bar wa ɓarawo ƙofa, kika rage wa mai fushi zafi ba tare da kin rage masa gaskiya ba. Ke ce kika yi kuskure sau biyu a gaban gari, ba ki ɗora wa kowa ba, kika tashi daga inuwa kika je kika ɓari wake. Allura, ba ki da girma, amma mun ga abin da kika ɗinke. Mun gode. Allah ya huce miki yatsun nan, ya sa ki ci hatsin hutunki da lafiya. Na san in wannan takarda ta shiga hannunki jan bik zai sha wahala, na kuma yafe tun yanzu.

Ku kuma 'yan baya masu rubutu, a takarda ne ko a waya, masu son a ji ku a kuma bi maganarku, ga teburi nan zai zama babu kowa bayan girbi. Wanda zai zauna a kai ya zo da bik biyu. Ya san wa yake kira da abin da yake so ya yi. Ya karanta wa mai aiki a hannu, ba wa jan-gwada ba. In kuma ya rubuta mai daɗi, duk gari ya yaba, amma wanda ake kira bai zo ba, kada ya ƙara mata zuma. Ya rufe bik, ya tashi, ya je ya leƙa bayan rumbu.